Filin Tambaya da Amsa: Wai sai da fulogin takarda za ta buɗe a burauza?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a filin namu. Wannan karon da na buɗe akwatin saƙonni sai naga kamar haɗa baki aka yi, kusan kowa kukansa ɗaya, takarda ta ƙi buɗewa a burauza, wani an ce masa ya saka fulogin ya rasa inda ake samu, wani kuma ya saka ya gwammace da bai saka ba. To na tsinto waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa. Masu tambayar firinta da masu kukan batirin laftof ku ƙara haƙuri, kuna kan layi.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni dattijo ne, na yi aikin ofis shekara talatin da wani abu kafin na ajiye. Akwai wani littafin koyon kwamfuta da nake da shi tun muna aiki, a ciki an ce kafin mutum ya karanta PDF a intanet sai ya saka fulogin na Adobe Reader a burauzarsa. Yanzu yarana sun saya min sabuwar kwamfuta, na duba Chrome sama da ƙasa ban ga wajen da ake saka fulogin ɗin ba. Ko tawa ce ba ta cika ba?

AMSA: Wa'alaikumussalam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Taka ta cika tsaf, littafin ne zamani ya wuce shi, amma a lokacin da aka rubuta shi gaskiya ya faɗa.

Ka ga dai PDF kamfanin Adobe ne ya fito da shi a 1993, kuma a wancan lokacin burauza ba ta san komai ba sai rubutu da hoto, in ta ci karo da PDF sai ta tsaya turus. Sai Netscape, wadda ita ce sarauniyar burauzoji a lokacin, ta buɗe wata ƙofa a 1995 da ake kira NPAPI, wato hanyar da wata manhaja daga waje za ta shigo cikin tagar burauza ta zauna ta yi aikinta. Ta nan Adobe Reader ya shigo, ta nan Flash mai kunna bidiyo da wasanni ya shigo, ta nan Java ya shigo. Ita kuma Internet Explorer tana da tata ƙofar mai suna ActiveX. Wannan shi ne fulogin na asali wanda littafinka yake magana a kai.

Matsalar ita ce shi fulogin ɗin cikakkiyar manhaja ce mai iko a kan kwamfutar gaba ɗaya, duk abin da kai za ka iya taɓawa shi ma zai iya, don haka in wani mugu ya shirya gurɓatacciyar takarda ya ɗora a shafinsa, kai dai buɗe shafin kawai ka yi, shi kenan ya samu hanya. Ga kuma yawan maƙalewa, fulogin ya faɗi ya ja burauzar duka su faɗi tare, waɗanda suka yi zamanin sun san takaicin. Da abin ya ishi masu burauza sai kowa ya gina nasa makarancin a cikin gida. Chrome ta saka nata tun 2010, injin da ke ƙarƙashinsa shi ake kira PDFium. Mozilla ta yi PDF.js ta saka a Firefox 19 a shekarar 2013. Daga nan aka shiga rufe tsohuwar ƙofar, Chrome ta rufe gaba ɗaya a watan Satumba na 2015 da fitowar Chrome 45, Firefox ta biyo baya a Maris na 2017 da Firefox 52, ta bar wa Flash kaɗai ƙofa, shi ma ƙarshen 2020 aka yi masa sallama. Internet Explorer ɗin kanta Microsoft ta yi mata ritaya a Yunin 2022. Shi ya sa ka nemi wajen ka rasa Baba, an rushe ɗakin ne.

Gwada wannan ka gani. Buɗe Chrome, ka danne Ctrl ka taɓa harafin O, ka zaɓi kowane PDF da ke kwamfutar, ko kuma ka jawo fayil ɗin da mawus ka sake shi a kan tagar. Zai buɗe nan take ba tare da ka saka komai ba.

Abin da mutane suke kira fulogin yanzu, yawanci ekstenshan suke nufi, shi kuma ɗan ƙaramin ƙari ne da ke zaune a cikin burauza an killace shi, ba ya yin komai sai da izinin da ka ba shi. Za mu zo kansa a ƙasa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce, kullum ina cikin neman takardun bincike, amma duk PDF ɗin da na danna maimakon ya buɗe in gani ko shi nake nema sai kawai ya sauka, yanzu foldar daunlod ɗina ta cika da abu ɗaya sau biyar sau shida. Wane fulogin zan saka don Allah?

AMSA: Ko ɗaya ƙanwata, setin ne kawai ya juye. In Chrome ce, a wajen da kike rubuta adireshin shafi ki rubuta chrome://settings/content/pdfDocuments ki danna Enter, za ki ga zaɓi biyu, na saukewa da na buɗewa, ki zaɓi wanda ya ce "Open PDFs in Chrome". In Edge ce hanyar ɗaya ce sai dai ki fara da edge a madadin chrome, ki kashe makunnin da ya ce a riƙa saukewa kullum. A Firefox kuma ki shiga Settings, a shafin General ki gangara zuwa Applications, ki nemo layin PDF ki mayar da shi "Open in Firefox".

Amma fa ko kin gyara, za ki ga wasu shafukan sun nace sai dai a sauke, to wannan ba laifin kwamfutarki ba ne. Duk fayil ɗin da shafi ya turo miki yana zuwa da ɗan bayani a goshinsa wanda ke ba kya gani, burauza ce take karantawa, a ciki akwai wajen da ake faɗa mata wannan nunawa za ki yi ko ajiyewa, in mai shafin ya rubuta "attachment" a wajen to umarni ne na ajiyewa, Chrome kuma za ta bi. Wani lokacin ma mai shafin ya manta ne bai gaya wa burauza cewa abin PDF ba ne, ita kuma abin da ba ta gane ba sai ta sauke ta huta. A irin wannan ki bari ya sauka ki danna shi daga jerin daunlod, zai buɗe a taga. Ki riƙa share na banza duk ƙarshen mako kawai.

TAMBAYA: Malam na shiga uku. An turo min saƙon imel wai takardar ɗaukar aiki ce, da na danna sai shafin ya nuna takardar dishi-dishi ya ce sai na saka fulogin ɗinsu kafin in gani sosai. Na sauke na saka. Takarda dai har yau ban gan ta ba, amma yanzu talla ta ko'ina take ɓullowa, kuma in na yi bincike ba Google ke fitowa ba wani shafi ne daban. Me zan yi?

AMSA: Subhanallah, sannu ɗan'uwa, garin neman ƙiba an samo rama. Ba ka shiga uku ba in sha Allah amma ka yi sauri.

Bari in fara da maganar da nake so kowa ya riƙe, domin saƙonni irin naka sun fi kowanne yawa a akwatina. A yau ba wata takarda ta gaskiya da za ta ce sai ka sauke wani abu daga shafinta kafin ka karanta ta. Babu. Tunda burauza ta iya karanta PDF da kanta, duk shafin da ya nuna maka hoton takarda a dushe ya ce saka kaza ka gani, kura ce da fatar akuya, hoton ma na ƙarya ne ba takarda a bayansa. Suna cin moriyar tsohuwar ɗabi'ar nan ce da mutane suka saba da ita tun zamanin Flash, lokacin da ganin "saka fulogin" ba abin mamaki ba ne. Haka nan wanda zai ce rubuta imel ɗinka da faswad kafin takarda ta buɗe, shi ma ɗan gidansu ne.

To ga gyara. Fara da cire kwamfutar daga intanet tukuna. Shiga Settings na Windows wajen Apps, ka jera manhajojin bisa ranar da aka saka su, duk abin da ka gani na ranar da abin ya faru wanda ba ka san shi ba ka cire. Sannan ka buɗe Chrome ka rubuta chrome://extensions ka duba da kyau, duk baƙon fuska ka danna Remove, kada sunansa ya ruɗe ka domin suna son sunaye masu kama da na kirki, wane makarancin PDF, wane mai juya takardu. Bayan nan ka je chrome://settings/reset ka mayar da setin yadda ya zo daga kamfani, wannan zai dawo maka da injin bincikenka da shafin farko, ya kashe duk ekstenshan, amma ba zai taɓa bukmak ɗinka da faswad ɗin da ka ajiye ba. Sai ka dawo da intanet ka sabunta Windows Security, wato mai tsaron da ke zuwa tare da Windows, ka sa shi ya yi cikakken bincike, ba na gaggawa ba, ko da zai ɗauki awanni ka bar shi.

Abin da mutane suke mantawa shi ne faswad. Irin waɗannan abubuwan da yawansu tallar da kake gani somin taɓi ce, ainihin aikinsu kwashe abin da ka ajiye a burauza ne. Saboda haka ka ɗauki wata na'ura daban, wayarka misali, ka canza faswad na imel da farko domin shi ne mabuɗin sauran, sannan na banki da na Facebook da sauransu, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka kuma fitar da duk na'urorin da ke cikin akawun ɗin ka sake shiga.

In ka ga wani ekstenshan ya ƙi ciruwa, maɓallin Remove ɗin ma babu, ko Chrome tana cewa wai wata ƙungiya ce ke kula da ita alhali kwamfutarka ce ta kanka, to abin ya shuka kansa da zurfi, rubuta chrome://policy za ka ga dokokin da ya kafa. Nan kam shawarata ka kwashe takardunka masu muhimmanci ka kai wa wanda ya iya a sake ɗora Windows sabo, ya fi kwanciyar hankali.

Ƙarin dabara ɗaya, Windows ta saba ɓoye wutsiyar sunan fayil, sai ka ga abu an rubuta takarda.pdf alhali cikakken sunansa takarda.pdf.exe ne. Buɗe File Explorer ka shiga View ka kunna "File name extensions", daga yau duk abin da ya ƙare da exe ko msi ko scr ka san ba takarda ba ce, manhaja ce.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni sakatariya ce a wata ƙaramar ƙungiya, kwamfutar da nake aiki da ita ba Word ba Excel, kuma kullum ana turo min irin waɗannan fayilolin. An ce akwai abin da ake sakawa a Chrome ya riƙa buɗe su. Don Allah a koya min dalla-dalla, ban taɓa sakawa ba.

AMSA: Lafiya lau Malama. Yawwa, ke ce mai buƙatar ekstenshan ta gaskiya, domin Chrome ta iya PDF amma ba ta iya fayil ɗin Word da Excel da PowerPoint da kanta ba.

Ki rubuta Chrome Web Store a bincike ki shiga, ki tabbatar adireshin na google.com ne. Wannan ita ce kasuwar da aka yarda da ita, tun 2014 Chrome a kan Windows ta daina karɓar ekstenshan daga waje haka kawai, a 2018 kuma ta hana shafuka saka wa mutum kai tsaye daga cikinsu, kin ga ke nan duk wanda ya ce zo in ba ki ta bayan gida kin san da walakin. A cikin kasuwar ki nemi "Office Editing for Docs, Sheets & Slides", na Google ne. Kafin ki danna komai ki tsaya ki duba abu uku, sunan wanda ya yi shi, yawan masu amfani da shi, da abin da mutane suka rubuta a kansa kwanan nan ba na shekarun baya ba, domin masu kwaikwayo suna da yawa, tambari iri ɗaya suna kusan ɗaya. In kin gamsu ki danna "Add to Chrome", wani ɗan akwati zai fito ya lissafa miki izinin da yake nema, ki karanta shi, na san kowa tsallakewa yake amma ki karanta, sannan ki amince. Daƙiƙa kaɗan ya zauna. Za ki ga wata alama a sama ta hannun dama mai kama da guntun wasan haɗa hoto, nan ne ɗakin duk ekstenshan ɗinki, in kina so ya fito fili ki danna ɗan fil ɗin da ke gefensa.

Gwaji kuma, ki jawo fayil ɗin Word ki sake a tagar Chrome. In ya buɗe madalla. In bai buɗe ba ya sake saukewa kawai, to ga inda mutane da yawa suke maƙalewa har su ce abin ba ya aiki, ki je chrome://extensions ki danna Details a ƙarƙashinsa ki nemi makunnin "Allow access to file URLs" ki kunna. Ma'anarsa kin ba shi izinin taɓa fayilolin da ke cikin kwamfutarki, ba na kan intanet kaɗai ba. Wannan makunnin kusan duk wani makarancin takardu yana buƙatarsa, kuma saboda girman izinin ne ya sa ba ya zuwa a kunne, sai ki kunna wa wanda kika amince da shi kawai. A wannan shafin dai akwai na tagar sirri, wato Incognito, shi ma a kashe yake zuwa.

Maganar izini bari in ɗan daɗe a kanta. Akwai wanda za ki ga ya ce yana son karantawa da canza duk bayananki a duk shafukan da kika shiga. Makarancin takardu yakan nemi wannan don ya gane lokacin da kika danna fayil ya tare shi, ba lallai mugunta ba ce, amma ki san me kika bayar, wanda ke da wannan izinin yana iya ganin shafin imel ɗinki da na bankinki. A cikin Details akwai "Site access", in ekstenshan ɗin yana da wannan zaɓin za ki iya mayar da shi sai kin danna shi zai farka, ko ki ware masa shafukan da zai yi aiki a kai. Ni abin ya taɓa cina, wani ɗan ekstenshan na karanta takardu na yi shekara biyu ina amfani da shi lafiya lau, ashe mai shi ya sayar wa wasu, su kuma suka turo sabuntawa cikin dare, tunda ekstenshan da kansa yake sabunta kansa ba ya tambaya, kawai na wayi gari shafukan da ban taɓa ganin talla a cikinsu ba sun cika da talla. Kwana biyu ina zargin komai ban da shi. Tun daga ranar duk wata sai na leƙa jerin nan na kori wanda ban taɓa ba.

Sai kuma sirrin takardun ƙungiyarku. Da yawa daga cikin masu cewa muna buɗe kowane irin fayil kyauta, ba a kwamfutarki suke buɗewa ba, ɗaukar fayil ɗin suke su tura can kwamfutocinsu su juya shi su dawo miki da hotonsa. In takardar albashi ce ko ta asibiti ko mai ɗauke da lambobin mutane, kin ga ta fita daga hannunki. Alamar ganewa mai sauƙi, kashe intanet ki gwada buɗe fayil, in ya ƙi to a waje yake aikin.

In Edge ce a kwamfutar ma ba sai kin saka komai ba, a setin ɗin Downloads akwai makunnin buɗe fayilolin Office a cikin burauza, sai dai shi ta intanet yake aiki a wajen Microsoft. In kuma aikin naki ya wuce dubawa ya kai ga gyara mai yawa, ki sauke LibreOffice, kyauta ce, cikakkiyar manhaja ce ba ruwanta da burauza.

Kada ki yi mamaki in kin ga shafi ya ɗan goce, tebur ya zame ko takarda mai shafi uku ta koma huɗu. Fayil ɗin Word yawanci ba ya tafiya da salon haruffansa, sunan salon kawai yake ɗauka, in babu shi a wajenki sai a ara masa wani mai faɗi daban. Nan ne ma haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, suke shan wahala, wani lokaci su fito da wata siffa daban da ta 'yan'uwansu, wani lokaci su koma ɗan akwati. Duk takardar da za a buga ko a sa wa hannu, ki roƙi mai turowa ya mayar da ita PDF, shi yana iya haɗiye haruffansa ya tafi da su duk inda za shi.

TAMBAYA: Malam ina cike fom ɗin biza ne, PDF ne, amma in na buɗe a Chrome shafi ɗaya kawai nake gani da Turanci yana cewa "Please wait" wai in sabunta Adobe Reader. Na jira har na gaji. Na saka ekstenshan na Adobe ma bai canza ba.

AMSA: Ko shekara za ka yi kana jira ba zai canza ba ɗan'uwa, kuma fayil ɗin bai lalace ba. Wannan wani nau'in fom ne da ake kira XFA, fatarsa ce kawai PDF, cikinsa wani tsari ne daban da ke gina shafukan a lokacin da aka buɗe, yana ƙara layi ko ya rage gwargwadon amsar da ka bayar. Makarancin da bai iya shi ba sai ya nuna maka wannan shafin jiran da aka ajiye don irinsa. Hukumar shige da fice ta Kanada tana cikin waɗanda aka sani da irin wannan fom ɗin. Shi tsarin ma an cire shi daga ƙa'idar PDF 2.0 da ta fito a 2017, amma hukumomi ba sa saurin canza abin da suka saba.

Abin yi, kada ka danna mahaɗin da hagu, ka danna shi da dama ka zaɓi "Save link as" ka ajiye a kwamfuta. Ka sauke Adobe Acrobat Reader na kyauta daga shafin adobe.com, manhajar kanta fa ba ekstenshan ba, ka buɗe ta tukuna sannan daga cikinta ka buɗo fom ɗin, domin in ka danna fayil ɗin sau biyu wataƙila Windows ta sake miƙa shi ga burauza ka koma gidan jiya. Firefox tun fitowa ta 93 a 2021 tana iya nuna irin waɗannan fom ɗin, amma in akwai maɓallin tantancewa da ke fitar da lambar zane, wato barcode, a ƙarshe, ni dai ba zan yi kasada da takardar biza ba, Reader ɗin zan bi. Kuma a kwamfuta za ka yi, waya ba ta yi.

TAMBAYA: Na samo wani tsohon ƙamus a intanet amma sunansa ya ƙare da djvu, shafin ya ce a saka fulogin na DjVu, mahaɗin kuma ya mutu.

AMSA: Kai ka tono tsohon zance. DjVu a ɗakin binciken kamfanin AT&T na Amurka aka ƙirƙire shi a 1996, cikin waɗanda suka yi shi har da Yann LeCun wanda yanzu aka fi sani a fagen ƙirƙirarriyar basira. An yi shi ne don littattafan da aka ɗauka da sikana, yana raba rubutu daban da launin takarda daban ya matse kowanne, shi ya sa littafi guda yake zama ɗan ƙarami a zamanin da intanet ke tafiyar hawainiya. Fulogin ɗinsa ta waccan ƙofar da na gaya wa Baba yake shiga, ko ka same shi ba inda zai zauna. Sauke fayil ɗin ka buɗe da SumatraPDF in Windows ce, ko DjView, duka kyauta ne. In lallai a burauza kake so akwai ekstenshan mai suna DjVu.js Viewer.

TAMBAYA: Malam mu na waya fa? Na nemi wajen ekstenshan a Chrome ɗin wayata ban gani ba.

AMSA: Ba za ki gani ba 'yar'uwa, Chrome na Android ba ya ɗaukar ekstenshan. Firefox na Android shi yana ɗauka, kuma yana buɗe PDF da kansa. A iPhone ma Safari na buɗe PDF ba sai an ƙara komai ba. Na Word da Excel kuwa manhajar Google Drive ko ta Microsoft ta wadatar. Ki dai kiyayi tarkacen manhajojin karanta PDF ɗin nan masu neman izinin lambobin wayarki da saƙonninki, me ya haɗa karatun takarda da jerin sunayen mutanenki?

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, tunda na saka ekstenshan na karanta PDF guda biyu don in gwada wanda ya fi, yanzu wani lokaci fari fat nake gani, wani lokaci takardar ta buɗe sau biyu. Sannan a kwamfutar ofis na so in saka ɗaya ta ce an hana.

AMSA: Tare da naka Malam. Ai ba biyu gare ka ba, uku ne, ka manta da na cikin gida, kuma dukansu jira suke ka danna PDF kowa ya yi wuf ya riga ɗan'uwansa, shi ne wani lokaci su yi karo a bakin ƙofa ba wanda ya shiga. Je ka chrome://extensions ka kashe duka biyun da makunninsu, ba sai ka cire ba, ka rufe burauza ka sake buɗewa ka gwada. In na gida ya buɗe lafiya sai ka tambayi kanka me ka rasa a cikinsa, domin yana bincike da Ctrl da F, yana juya shafi, yana cike fom na yau da kullum, yana bugawa, na Edge da na Firefox ma har rubutu da zane ake yi a kan takarda, Firefox ta ƙara wannan tun 2022. In akwai abin da ka rasa ɗin da gaske, kunna ɗaya tak ka cire ɗayan. In kuma ka kashe su amma farin yana nan, shiga setin na System ka kashe taimakon katin hoto, wanda akwai kalmar "acceleration" a cikin sunansa, ka sake kunna burauzar, tsofaffin kwamfutoci suna yawan yin wannan. Wani abin kuma da ake ɗora wa makaranci laifi a banza, ka nemi kalma da Ctrl da F ya ce babu alhali ga ta kana gani, to takardar hoto ce aka ɗauka da sikana, ba haruffa a cikinta sai an bi ta da manhajar gane rubutu da ake kira OCR.

Ta ofis kuwa ba lalacewa ta yi ba, masu kula da kwamfutocinku ne suka kafa doka, in ka rubuta chrome://policy za ka ga jerin abin da suka hana da idonka, wasu ofisoshin ma da gangan suke tilasta a sauke PDF a buɗe da manhajar da suka zaɓa. Kada ka nemi hanyar zagayewa, in wani abu ya shigo ta nan sunanka ne a rubuce. Tura musu sunan ekstenshan ɗin da dalilin da ya sa kake so, in sun ga ya dace daga wajensu za su turo shi ya sauka a kwamfutarka ba tare da ka taɓa komai ba.